Ɗalibin Makka da Kiɗan Ƙarfe

Watannin Yuni da Yuli da Agusta, waɗanda a ƙasar Hausa su ne damina, a Makka bazara ce tsantsa, ba hadari ba yayyafi. Larabawa suna kiran wannan lokaci saifi. Garin a cikin kwari ya ke, duwatsu sun kewaye shi, su yini suna shan rana, da dare kuma su amayar da zafin a kan mutane. Yawanci ma'aunin zafi ya kan wuce 40 da rana. Ran 17 ga Yuni 2024, ana cikin aikin Hajji, ya kai 51.8 a Masallacin Harami, a Hajjin nan kuwa hukumar Saudiyya ta ƙidaya mutum 1,301 da suka riga mu gidan gaskiya. A cikin wannan zafi ne makarantu ke ba da dogon hutu, ba a komawa sai wajen ƙarshen Agusta.

Daga 2023 zuwa 2025 Hajji ya riƙa faɗowa cikin Yuni, watau a bakin hutun. Samarin gari da yawa su kan sami ɗan aiki a lokacin: wannan ya tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, wancan ya jira kanti, wani ya yi tafinta. Da alhazai sun watse sai hannu ya sami kuɗi kaɗan, aiki kuwa ya ƙare. Masu hali su hau Ɗa'ifa, garin kan dutse inda iska ke da sanyi. Wanda ba shi da hali sai ya mai da dare rana, ya kwanta bayan Asuba, ya tashi da Azahar, ba ya leƙa waje sai rana ta faɗi. Makonnin ƙarshe su suka fi tsawo. An gaji da hutu, ana kuma jin tsoron komawa.

A irin waɗannan ɗakuna, ƙofa a rufe, na'urar sanyi tana gurnani, wasu samari suka saba da wani kiɗa da a ke kira hebi metal, ma'anarsa ƙarfe mai nauyi. A nan za a kira shi kiɗan ƙarfe. Masu sonsa ba su da yawa in an gwada su da masu son ƙwallo ko waƙoƙin Larabci, amma son da su ke yi masa ba na wasa ba ne. A cikinsu mai karatu kada ya yi mamaki in ya tarad da wanda sunan zuriyarsa Hausawi ko Barnawi ko Fallata, gama kakannin irin waɗannan sun taka da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Barno, suka ratsa Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya, suka zauna. Alhazan Nijeriya sun daɗe da sanin Misfala da Shari Mansur, inda a kan yi ciniki da Hausa.

Kiɗan kansa ɗan Ingila ne, daga Barmingam, garin masana'antu da maƙera. Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana yaro ɗan shekara 17 injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu. Sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya mai taushi, daga baya ya sassauta ta don kada ta ci masa hannu. Tsirkiya in ta yi sako-sako muryarta ta kan yi kauri, kowane mai garaya ya san haka. Daga wannan lahani ne nauyin sautin ya fito. Faifansu na fari ya fita ran 13 ga Fabrairu 1970. Abin da ya biyo baya shi ne jita ta lantarki da a ke ƙure wa murya har ta dushe, da ganguna masu gudu kamar sukuwa, da mawaƙi wanda wani lokaci ya kan rera, wani lokaci ya yi ruri daga ƙirji kamar raƙumi. Maƙeran Hausa suna da nasu kiɗa, dundufa, wanda in an buga musu su kan yi wasa da wuta. Wanda ya taɓa ganin wannan ba zai rasa gane abin da ke motsa ɗan Barmingam ba.

Yadda kiɗan ya zauna a Saudiyya sai an koma 1979. Ran 20 ga Nuwamba na shekarar, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami da bindigogi, aka yi mako biyu kafin a fitar da su. Bayan haka hukuma ta ƙara sakar wa malamai masu tsanani linzami. Aka rufe gidajen siliman, kiɗa a bainar jama'a ya yi wuya, 'yan Hai'a, watau irin Hisba, suna sintiri a kasuwa. Masu kiɗan ƙarfe na farko a ɓoye suka taso. Kaset ya bi hannu zuwa hannu, daga baya intanet ta zo. In za a yi wasa sai a kama hayar istiraha, gidan shaƙatawa na bayan gari mai doguwar katanga, a gaya wa amintattu kaɗai. Tsoron kuwa yana da dalili. A Masar, cikin Janairu 1997, 'yan sanda suka bi gidaje suka kama matasa masu yawa bisa zargin bautar Shaiɗan. A Kasablanka ta Maroko, a 2003, aka yanke wa mutum 14 ɗauri a kan irin wannan zargi. Mai goge ma ya sha irin wannan a ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana cewa kayansa na bori ne.

Daga nan marubutan Turai da Amurka suka sami labari mai daɗin sayarwa. Mark LeVine, malamin tarihi a Kalifoniya, ya fitar da littafinsa Heavy Metal Islam a 2008, bayan ya zaga Maroko da Masar da Lebanon da Iran da Pakistan da wasu wurare. Littafin yana da amfani, gama mutumin ya zauna da makaɗan, shi kansa kuma yana kaɗa jita. Aibinsa shi ne ko'ina ya ji ƙarar jita sai ya ji tawaye. Jaridu suka bi sawunsa, suka ma zarce shi. In za su yi maganar Saudiyya, sai su ɗauko Al-Namrood, ƙungiyar da aka kafa a 2008, wadda ta ari sunan Namarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim. Mutanenta suna ɓoye sunayensu da fuskokinsu, waƙoƙinsu suka ne ga addini, a ƙasar da hukuncin ridda kisa ne. Akwai su, gaskiya ne, hatsarin da su ke ciki ma gaskiya ne. Amma ɗaukarsu a ce su ne hoton kowane yaro mai baƙar riga, wannan kuskure ne babba. Ɗalibin da a ke magana a kansa ya kan cire abin kunnensa in ladan ya ɗaga murya, ya yi alwala, ya bi jam'i, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Wasu malamansa za su ce masa kiɗan haram ne, ya kuwa san sun faɗa. Gardamar halaccin kiɗa tsohuwa ce, tun kafin a ƙera jita a ke yinta. Abin da ya kai shi ga kiɗan ƙarfe ya fi kusa da zafi da kaɗaici da jinin ƙuruciya wanda ya rasa filin da zai yi sukuwa.

To, sai kiɗa ya sauya. A Afrilu 2016 aka karɓe wa 'yan Hai'a ikon kama mutane, a watan Mayu aka kafa hukumar nishaɗi. A 2017 Muhammad Abdu ya yi waƙa a fili a Jidda da Riyad bayan shekaru. A 2018 siliman ya dawo, jirgin ƙasa na Haramaini kuma ya fara aiki, wanda ke kai mutum daga Makka zuwa Jidda, tafiyar mil 45 ko sama da haka, cikin kamar rabin sa'a. A 2019 Creative Waste, ƙungiyar wasu 'yan'uwa daga gabashin ƙasar, ta yi wasan da a ke lissafa shi na farko na kiɗan ƙarfe a bainar jama'a. A Disamba 2023 Cryptopsy ta Kanada ta yi wasa a Riyad, ran 14 ga watan kuma Metallica da kanta ta hau dandalin bikin Soundstorm. A bazarar 2024 Wasted Land, 'yan Jidda da suka fara tun 2004, suka je Wacken, wani ƙauye a arewacin Jamus inda mutum wajen 85,000 ke taruwa kowace shekara a farkon Agusta. Su ne 'yan Saudiyya na farko da suka taka wannan dandali. Ɗalibi a Makka ya gan su a wayarsa yana kwance, saura 'yan makonni a koma makaranta.

Dā, in mutum ya kaɗa jita a ɓoye, ƙarfin halinsa kaɗai ya isa a yaba masa, ba mai tambayar ko waƙar ta yi daɗi. Yanzu da aka buɗe ƙofa wannan rangwame ya ƙare. Tilas a auna kiɗan da mudun da a ke auna na kowa, tambayar kuwa ita ce: me ya kawo wanda ba a riga an ji ba a Barmingam ko Suwidin?

Wasted Land gwanaye ne, ba shakka. Sama da shekara 20 suna tare da wannan sana'a, hannunsu ya faɗa, jita biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai taka wani. Amma salon da suka ɗauka na Gotenbag ne, birnin Suwidin inda In Flames da Dark Tranquillity da At the Gates suka haɗa ruri da karin waƙa mai daɗi a shekarun 1990. Yawancin baitocinsu kuma da Turanci ne. Mai sauraro in ya rufe ido, sau da yawa ba zai iya cewa daga bakin Bahar Maliya sautin ke fitowa ba, sai inda wani kari na gabas ya ratso. Creative Waste kuwa nasu salon gajere ne mai zafi, waƙa ta kan ƙare kafin mutum ya gyara zama, fushinsu a kan zalunci da wariya na gaske ne, amma ƙirar ita ma ta waje ce. Abin mamaki, Al-Namrood, wadda ta fi kowa nisa da jama'arta wajen aƙida, ita ta fi kusa da su wajen sauti, gama da Larabci ta ke waƙa, tana kuma sa muryar udu da kanun da sarewa da gangunan Larabawa.

Wannan kari na gabas shi ne wurin da ya kamata a tsaya. Larabawa suna da hanyoyin rera waƙa da su ke kira maƙamai, ɗaya daga cikinsu sunansa Hijaz, sunan yankin da Makka da Madina da Jidda su ke. Alamarsa a muryoyi huɗu na farko ta ke: taki gajere, sa'an nan tsalle mai faɗi, sa'an nan wani taki gajere. Wannan tsalle shi ke sa wa mai ji wani irin bege. Ladanan Makka sun shahara da kiran salla a kan wannan kari, watau yaron garin da shi ya tashi a kunne tun yana goye. Makaɗan ƙarfe na Turai su ma sun gano shi tuntuni, suka mai da shi kayan ado. In suna son mai sauraro ya ga hamada da raƙuma da kaburburan Fir'auna sai su jawo shi. Haka Rainbow ta yi a waƙarta Gates of Babylon ta 1978, haka Iron Maiden ta yi a Powerslave ta 1984, Metallica ma ta ɗanɗana irin wannan a 1991. Saboda haka saurayin Makka da ya zauna yana koyon jita daga faifan Turawa, ranar da yatsunsa suka kai kan wannan tsalle, abin gidansu ne ya dawo masa ta hannun baƙo. Haɗarin shi ne ya kaɗa shi yadda baƙon ya kaɗa, ya zama yana kwaikwayon mai kwaikwayonsa. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, balle a ce rigarka ce aka ara, aka rage mata tsawo, aka sake ba ka aro.

An kuwa rage mata tsawo, ba zancen baki ba ne. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gitta, su ke yanka murya gida-gida daidai wa daida bisa lissafin Turai. Udu ba shi da su, kamar yadda goge da kukuma ba su da su, yatsa ya kan sauka inda kunne ya ce. A bakin gwanin Balarabe murya ta biyu ta Hijaz ta kan ɗan ɗaga, ta uku ta ɗan sauko, tsallen ya ragu, ya yi laushi. A kan jita kuwa tsallen ya kan buɗe ya yi kaifi, shi ya sa Bature ya ji shi kamar barazana, alhali ɗan Hijaz yana jinsa kamar kewa. Bambancin bai kai faɗin gashi ba a takarda, amma duk wanda ya saurari Ɗalal Maddah, haifaffen Makka a 1940, wanda ya faɗi ya rasu a kan dandali a Abha cikin Agusta 2000, ya san nan ne zuciyar abin ta ke. Mai jita yana iya kaiwa can in ya ja tsirkiya da yatsa, ko ya cire ƙarafan. Aiki ne mai wuya, ba kuma a koyonsa daga faifan Suwidin.

Akwai wata taska kuma a ƙofar gida. Mutanen Hijaz suna da wasan da su ke kira mizmar. Ko da ya ke sunan na abin busa ne, ba a busa kome a ciki. Ganguna ne da tafi da amshi, maza su yi sahu biyu ko su kewaye wuta, biyu su fito tsakiya suna juya sanduna, ganga tana ƙara sauri. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Masana da dama suna danganta asalinsa da mutanen Afirka da suka zauna a biranen nan, a dā kuma wasan ƙarfafan unguwa ne, har a kan tashi da rotse. Duk abin da kiɗan ƙarfe ke nema yana nan: nauyi, da gudu, da da'irar maza masu gwada ƙwanji ba da gaba ba. Waɗansu ƙasashe sun nuna hanya. Sepultura ta Barazil, a faifanta Roots na 1996, ta shigo da gangunan ƙasarta da waƙar ƙabilar Shabante, sai duniya ta juyo ta saurara. Kusa da gida kuma ga Mdou Moctar, Buzun Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta fari da wayar birkin keke don iyayensa ba sa son kiɗa. Nasa ba kiɗan ƙarfe ba ne sosai, amma ƙararsa ba ta gaza ba, da Buzanci ya ke waƙa, ba wanda zai ji shi ya ce ɗan Landan ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, wanda ya yi na gidan wani kuwa aku a ke ce masa.

Maganar mutuwa da kabari da jini da ke cika waƙoƙin ƙarfe, wadda ta fi tsorata iyaye, ba ita ce matsala ba. Mai koyon Hausa da ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago da sauran 'yan dambe zai ji lahira da makabarta sun fi a ƙirga, ba kuwa wanda ya ce Ɗan Anace ya bar Musulunci. Waƙar maza haka ta ke a ko'ina. Bambancin shi ne 'yan kallon dambe suna jin kowace kalma, suna amsawa. Ruri da Turanci kuwa, a Makka, ko uwar mawaƙin ba ta san me ya ce ba.

Sai dai wannan rashin ji shi ne garkuwarsa, nan ne kuma shawarar da aka bayar a sama ta ke da tsada. Manyan bukukuwan kiɗa da hukuma ta yarda da su a Riyad da Jidda da Ula a ke yinsu. Makka hurumi ce, wanda ba Musulmi ba ko shiga ba ya yi, sunanta ma ba a wasa da shi. A Fabrairu 2020 wata budurwa mai suna Asayel Slay ta saki waƙar gambara irin ta zamani mai suna Bint Makka, tana yabon 'yan matan garin, kanta a rufe, a cikin wani gidan shan gahawa. Hukumar lardin Makka, ƙarƙashin Yarima Khalid al-Faisal, ta ba da umurni a kama ta da waɗanda suka yi hoton, wai sun ci mutuncin al'adun mutanen garin. Da ya ke baƙar fata ce, sai wasu suka cika intanet da cewa ba 'yar Makka ba ce, a mai da ita Afirka. Wata bakwai kafin haka, a Yuli 2019, Janet Jackson da 50 Cent sun yi wasa a Jidda da izinin hukuma. Tun kafin Asayel akwai Itab, Bahausawiya ta wajen zuriya, wadda aka haifa a 1947, tana cikin matan Saudiyya na farko da suka yi suna a waƙa. A Masar ta yi yawancin sana'arta, a can kuma ta rasu a 2007.

Asayel ba ta zagi kowa ba. Ta yi waƙa da harshen unguwa, ta ambaci sunan gari, kowa ya ji abin da ta ce. Ɗalibin da ya bi hanyar Gotenbag yana iya shiga jirgin Haramaini da yamma, ya yi rurinsa da Turanci a Jidda, ya kwana a gida, ba wanda zai tare shi. Ranar da ya ɗauko gangar mizmar da karin Hijaz na ainihi, ya sa Larabcin Misfala a bakinsa, kiɗansa zai fi kyau nesa ba kusa ba, a ranar ce kuma maƙwabta da limamin unguwa da ofishin gwamna za su fara gane abin da ya ke faɗi. In sunan zuriyarsa Hausawi ne, akwai tambaya ta biyu da ke jiransa, irin wadda aka yi wa Asayel.